Masarar Bakin Titi a Meziko da Yadda Muke Yin Ta a Gida

Aikin binciken irin masara ne ya kai ni ƙasar Meziko, inda aka tura ni horo a CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya da ke El Batan, kusa da garin Texcoco, tafiyar kimanin awa guda a mota daga babban birnin ƙasar idan hanya ba ta cushe ba. An kafa wannan cibiya a shekarar 1966, kuma duk wanda ya taɓa aikin malamin gona a arewacin Nijeriya ya san sunanta, domin da yawa daga cikin irin masara masu jure fari da manomanmu suke shukawa a yau sun samu ne ta hanyar haɗin gwiwar da ke tsakaninta da cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta IITA da ke Ibadan da kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Na sauka a tsakiyar damina, wadda a can ma take kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, sai dai daminar tasu ta bambanta da tamu, saboda birnin yana kan tudu mai tsayin mita 2,240 daga matakin teku. Da safe rana takan fito tas, da la'asar hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da sanyi mai ratsa jiki, kafin magariba kuma ya ɗauke ya bar tituna a jiƙe. A daidai wannan lokaci ne masu sayar da masara suke turo kekunansu masu ƙafa uku zuwa bakin tasha da ƙofar kasuwa, tururi yana tashi daga tukwanensu, mutane kuma suna yin layi da lemarsu a hannu.

Tun a farkon zuwana aka zagaya da mu ɗakin ajiyar iri na cibiyar, wanda yake ɗauke da samfurin masara kimanin 28,000 da aka tattaro daga sassan duniya, ana adana su cikin sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ciyawa da wani abokin aiki ɗan asalin jihar Puebla ya nuna mini a gefen wata gona, wadda suke kira teosinte. Idan ka hango ta daga nesa sai ka rantse masara ce, ganye da kara duk iri ɗaya, amma goyonta bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ƙwayoyinsa ba su fi goma sha biyu ba, kowace kuma tana cikin kwanso mai tauri da haƙori ba ya iya fasawa. Daga dangin wannan ciyawa ne mutanen kwarin kogin Balsas, a kudu maso yammacin ƙasar, suka fitar da masara kimanin shekaru 9,000 da suka wuce ta hanyar zaɓen iri shekara bayan shekara, kuma a kogon Guila Naquitz da ke jihar Oaxaca an tono totuwar masara da ta haura shekaru 6,000. Hukumar ƙasar mai kula da tsirrai da dabbobi ta lissafa jinsunan masara 59 da suke na asalin Meziko, akwai fara da rawaya da ja da shuɗiya, akwai ta tudu mai sanyi da ta gangare mai zafi. Wanda ya ga haka ba zai yi mamakin yadda mai sayar da masara a kan keke yake iya gaya maka jinsin da yake dafawa da garin da aka nomo ta ba.

Akwai kuma wani dalili na kusa da ya jawo ni ga masarar bakin titi. Musulmi baƙo a Meziko yana bukatar ya riƙa tambaya kafin ya kai loma baki, domin kitsen alade yana shiga girke-girke da yawa da ba za a yi zato ba, har da waken da ake dafawa a murje a soya, da kuma ƙullin masara da ake turarawa a cikin ɓawo, wanda suke kira tamal. Dafaffiyar masara kuwa a gaban idonka ake tsamo ta daga tukunya, a gaban idonka ake shafa mata duk abin da za a shafa, kuma ba a rasa ta a kowace unguwa daga yamma zuwa dare. Sunanta elote, kuma ita ce ta zama abincin darena a yawancin kwanakin da na yi a ƙasar.

Wurin da na fi zama na lura da sana'ar shi ne Coyoacan, tsohuwar unguwa a kudancin birnin mai titunan dutse da manyan itatuwa, inda filayen Jardin Centenario da Plaza Hidalgo suke cika da iyalai a yammacin Asabar da Lahadi. A wani lungu kusa da filin akwai wata dattijuwa da take kafa teburinta tare da 'yarta. Tana da babbar tukunyar ƙarfe a kan murhun gas, ta shimfiɗa ɓawon masara a samanta ta rufe da tsumma mai tsabta domin kada tururi ya gudu, a gefe kuma ga kwalbar mayonis, ga faranti cike da farin cuku da aka goge, ga lemon tsami da aka yayyanka gida huɗu, ga gwangwanaye biyu na dakakken barkono. Idan na matso na gaishe ta da señora, takan amsa da joven, wato saurayi, kamar yadda suke kiran duk namijin da bai kai su shekaru ba, sannan ta tambaye ni ko mai laushi nake so ko wadda ta ɗan ƙosa. Ba ta zaɓa wa mutum da ka. Takan ɗaga tsummar ta tsamo biyu ko uku, ta bar ka ka duba ƙwayar, sai ka nuna wadda ta yi maka sannan ta ɗauki tsinken katako mai kauri ta buga shi a gindin totuwar har ya kama. Daga nan ta matse lemon tsami a jikin masarar tun tana da zafi, ta shafe ta da mayonis da 'yar cibi mai faɗi, ta riƙa juya ta a kan farantin cukun tana barbaɗa mata da hannu har ƙwayoyin su ɓuya. Tambaya ta ƙarshe kuwa ba ta canzawa a duk inda na je: barkono mai zafi ko marar zafi. Duk aikin ba ya kai minti guda, amma ban taɓa ganin ta tsallake mataki ɗaya ba ko da layi ya kai bakin titi.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, daɗin wannan abinci ya dogara ne a kan masarar kanta kafin a zo maganar kayan shafi. Abin da ake yaɗawa a intanet da sunan masarar Meziko yawanci rawayar masara ce mai zaƙi irin ta Amurka, wadda aka gasa aka lafta mata mayonis, kuma ba ita na tarar a tsakiyar ƙasar ba. Wadda na tarar fara ce, mai manyan ƙwayoyi, mai gari, ba ta da zaƙi sai kaɗan, kuma dafa ta ake yi a ruwa. Gasasshiyar ma akwai, amma ita sau da yawa lemon tsami da gishiri da barkono kawai ake goga mata. Masara mai zaƙi idan ta haɗu da maiƙon mayonis takan gundure mutum kafin ya ci rabi, mai gari kuwa takan ɗauki maiƙon da gishirin cukun da tsamin lemon ta daidaita su, mutum ya tauna ya ji ya ci abinci. A ganina wannan shi ne bambancin da ya fi kowane girma, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi.

Jinsin da aka fi yabo a yankin shi ne cacahuazintle, kuma na nemi abokin aikina ya kai ni inda ake noma shi. Muka tafi kwarin Toluca, yamma da babban birnin, muka haura zuwa yankin Calimaya da ke gindin tsohon dutse mai aman wuta na Nevado de Toluca, inda tsayin ƙasa ya haura mita 2,600 kuma sanyin safiya yake sa yatsu su ƙage. Ƙasar wurin sako-sako ce mai tokar dutse, masarar kuma takan ɗauki watanni da yawa kafin ta nuna saboda sanyi. Manomin da ya karɓe mu ya ɓare mana goyo ɗaya, na ga ƙwayoyi farare fat, masu faɗi da kauri fiye da duk wata masara da na taɓa riƙewa. Ƙananan manoma da yawa a ƙasar har yanzu suna bin tsarin da suke kira milpa, wato haɗa masara da wake da kabewa a gona ɗaya, waken yana hawa karan masara yana kuma ƙara wa ƙasa taki, ganyen kabewa yana rufe ƙasa yana hana ciyawa da bushewa. A wannan gona ce kuma na ga manomin ya yi murna da ya tarar da goyon da burtuntuna ta kama, ya yanke shi da kulawa ya sa a kwando dabam. Mu a wajenmu cuta ce da ake cirewa a ƙone, su kuwa suna kiran ta huitlacoche, suna soya ta da albasa su naɗe a cikin wainar masara, kuma a kasuwa ta fi lafiyayyar masara tsada. Na ci, ɗanɗanonta irin na naman kazar nan ne da ke tsirowa a ƙasa da damina, mai ɗan hayaƙi-hayaƙi.

Sirrin ruwan da ake dafa masarar a ciki kuwa a kasuwar La Merced na gano shi, babbar tsohuwar kasuwa da ke gabas da tsakiyar birnin. Na daɗe ina lura cewa masarar dattijuwar nan tana da wani ƙamshi da laushi da ruwa da gishiri kaɗai ba za su ba da ba, da na tambaye ta ta bakin abokina sai ta ambaci abubuwa biyu, ta ce mu je kasuwa mu gani da ido. Na farko wani ganye ne mai ƙananan furanni rawaya da ake sayarwa a ɗaure, sunansa pericon, yana da ƙamshi mai ɗan zaƙi, yana kuma ba ruwan launin rawaya. Na biyu wasu duwatsu ne masu launin toka da suke kira tequesquite, waɗanda ake tarawa daga busasshen gindin tafkuna irin na Texcoco idan ruwa ya janye da rani. Da mai shagon ya miƙo mini ɗaya na ɗora a harshe, sai na ji kanwa ce, ko kuma 'yar uwarta ta kusa ƙwarai, domin sinadaran da suka haɗa su iri ɗaya ne. Yadda suke amfani da ita ma bai bambanta da namu ba: a jiƙa a ruwa, a bari ƙasar ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a zuba a tukunya domin ya tausasa fatar ƙwaya. Suna da bukatarta fiye da mu, saboda a tsayin birninsu ruwa yana tafasa ne a kan digiri 92 ko 93 maimakon 100, abin da ke sa duk wani abu mai tauri ya daɗe a kan wuta.

Kusan duk mai sayar da elote yana da tukunya ta biyu a gefe, wadda ke ɗauke da esquites, wato ƙwayoyin masara da aka yanke daga totuwa aka dafa da albasa da barkono da wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da ake kira epazote. Ana zuba shi a kofi da ɗan romonsa, a sa masa kayan shafi iri ɗaya, a ci da cokali. Wasu kuma soya shi suke yi a faffaɗan kasko da busasshen barkono har gefen ƙwayoyin ya yi ja. A nan ne mai kiyaye halal zai sake tambaya, domin akwai masu dafa shi da ƙafar kaza ko ɓargon sa, akwai kuma masu soyawa da kitse maimakon man shanu. Sunan ma yana canzawa daga gari zuwa gari, a Aguascalientes chascas ne, a Tampico trolelote, a arewacin ƙasar kuma elote en vaso. Mafi daɗin da na sha shi ne a Xochimilco, a kudancin birnin, inda ragowar magudanan ruwa da gonakin kan tafki na zamanin Aztek, daular da ta mulki yankin kafin zuwan Turawa, suke har yanzu, wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1987. Muna cikin jirgin ruwa na katako mai fenti kala-kala sai wata mata ta tuƙo ƙaramin kwalekwalenta ta jingina da namu, da murhun gawayi a tsakiyarsa, ta zuba mana a cikin ɓawon masara maimakon kofi.

Kayan shafin kuwa ba duka ne 'yan asalin ƙasar ba. Masara da barkono da epazote sun riga zuwan Turawa da dubban shekaru, amma shanu da cuku da lemon tsami Sifaniyawa ne suka shigo da su bayan da suka ci birnin Aztek da yaƙi a shekarar 1521, mayonis kuma bai yaɗu ba sai a ƙarni na ashirin. Cukun da aka fi alaƙantawa da elote shi ne cotija, wanda ya samo sunansa daga wani gari a jihar Michoacan, cuku ne na madarar shanu, mai tauri, mai gishiri sosai, wanda ba ya narkewa idan ya ji zafi, sai dai ya marmashe. Sanin wannan tarihi ya sa ban ji nauyin canza wasu kayan ba da na dawo gida, tun da abincin kansa haɗe-haɗe ne na abin da kowane zamani ya kawo. Sai dai akwai sabon salo da na gani a wajen matasa, na murƙushe soyayyen abin taunawa na leda mai jan launi a barbaɗa a kai, wanda ban yarda da shi ba, domin yana kashe ɗanɗanon masarar gaba ɗaya.

Zamana ya kai ƙarshen Satumba, aka kuma gayyace ni wani ƙauye a jihar Morelos ranar 28 ga watan, ranar da iyalai suke fita gona su tsinko furen pericon su ɗaura a ƙofofi da kusurwoyin gona bisa al'adarsu ta addini, sannan su hura wuta a gefen gona su gasa masarar farko ta shekara su ci tare da baƙi. Washegari, 29 ga wata, ita ce ranar masara ta ƙasa. Hirar da aka yi a bakin wutar ta manoma ce zalla: farashin taki, da masarar Amurka mai arha da ta cika kasuwanninsu tun bayan yarjejeniyar ciniki tsakanin Meziko da Amurka da Kanada da ta fara aiki a 1994, da tsoron kada irin gargajiya ya ɓace. Suna da wani take da ƙungiyoyin manoma suka yaɗa tun shekarar 2007, mai cewa idan babu masara babu ƙasa, kuma na ji shi a bakin dattawa da ba su da alaƙa da kowace ƙungiya.

Na dawo Zariya masarar damina ta riga ta bushe a gona, saboda haka sai da aka fara kawo ta noman rani daga bakin kogin Galma muka soma yi a gida. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa tun ina can shi ne, farar masarar da muke nomawa domin tuwo ta fi kusa da ta Meziko fiye da masara mai zaƙi ta gwangwani ko ta manyan kantuna, domin ita ma mai gari ce, ko da yake ƙwayarta ba ta kai ta Toluca girma da laushi ba. Wannan yana nufin cewa abin da mai girki a Turai ko Amurka yake wahalar samu, mu yana nan jibge a bakin hanya. Zaɓen ne kawai yake bukatar kulawa. Nakan ce wa dattijon da nake saye a wajensa, "Baba, ta dafuwa nake so, ba ta gashi ba," shi kuma ya san abin da nake nufi. A nemi wadda ɓawonta yake kore shar, gemunta ya fara yin ƙasa-ƙasa amma bai bushe ba, a ɗan ɓare a danna ƙwaya da farce. Idan farin ruwa mai kauri ya fito ta yi daidai, idan ruwan tsararo ne ba ta kai ba, idan kuma farce ya kasa shiga ta wuce. Ya fi kyau a dafa ta a ranar da aka karyo ta, domin daga lokacin da aka raba ta da kara ɗan zaƙin da ke cikinta yake fara komawa gari, ƙwayar kuma ta yi tauri.

Ga yadda muke yi idan goyo shida ne. Mukan cire ɓawon waje mu bar na ciki, mu shimfiɗa wasu a gindin tukunya, mu jera masarar, mu rufe ta da sauran, domin ɓawon yana ba ruwan ƙamshi. Sai a jiƙa kanwa da ba ta wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu ba a kofin ruwa, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a tukunyar, a ƙara ruwa har ya rufe masarar, a sa gishiri babban cokali ɗaya. A kiyaye da kanwar, domin idan ta yi yawa masarar takan rine ta koma ruwan ƙasa, ta kuma ɗauki ɗanɗanon sabulu. Dafuwar tana ɗaukar minti 30 zuwa 45 gwargwadon ƙosawar masarar, kuma a bar ta cikin ruwan zafinta har lokacin ci, kamar yadda masu sana'ar suke yi, kada a tsame ta ta bushe ta yamutse.

Cukun ne ya fi ba mu aiki. Wanda yake da hali zai iya sayen cuku mai tauri na Turawa a manyan kantuna ya goge, kuma zai yi kusa da cotija, amma ni na fi son abin da yake hannunmu. Warar madara da Fulani suke yi tana aiki idan aka matse ruwanta, aka marmashe ta, aka sa gishiri, aka ɗan soya a busasshen kasko har ta yi wara-wara. Wanda ya fi ta kuwa shi ne cukun Buzaye da 'yan kasuwa suke kawowa daga Tawa da Agadas, wanda yake zuwa a busasshe falle-falle. Mahaifiyata ce ta gyara mana hanyar sarrafa shi. Ta ga ana ƙoƙarin goge shi yana tsalle daga faranti, sai ta ce, "Ku ɗan ɗora shi a kan garwashi ya ji wuta, sannan ku daka a turmi da gishiri." Na ce, "To, Hajiya," aka yi yadda ta ce, ya fito gari mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ƙamshin madararsa ya tashi. Shi ba shi da gishiri irin na cotija, saboda haka sai an ƙara masa da hannu sake.

A maimakon mayonis zalla, mukan haɗa shi da kindirmo. A Meziko ma wasu suna sa kirim ɗinsu mai ɗan tsami, kuma kindirmo mai kyau da aka zuba a tsumma mai tsabta aka rataye na awa ɗaya ko biyu har ruwansa ya tsiyaye yana ba da kauri da tsami irin wannan. Babban cokali huɗu na mayonis da huɗu na tataccen kindirmo sun isa goyo shida, kuma a ra'ayina wannan haɗi ya fi mayonis shi kaɗai, saboda ba ya nauyi a ciki kuma yana barin ɗanɗanon masarar ya fito. Barkonon kuwa mukan haɗa busasshen tattasai mai yawa domin launi da ƙamshi, da ɗan barkono kaɗan domin zafi, a gasa su sama-sama a kasko ba tare da sun ƙone ba, a daka da gishiri a tankaɗe. Da yawa za su yi tunanin yajin tsire, kuma yara a gidanmu suna son sa a kan masarar, amma ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da ke cikinsa suna danne lemon tsami da cuku, abin ya koma wani abinci dabam. Mai son ya ji abin da ake ji a Coyoacan ya tsaya a kan barkono da gishiri.

Haɗawar ba a yin ta sai masu ci sun zauna. A tsamo masarar, a ɓare sauran ɓawon a mayar da shi baya ya zama mariƙi, ko a soka tsinken tsire mai kauri a gindinta, a matse lemon tsami tun tana turiri, a shafa haɗin kindirmo sama-sama, a juya ta a kan cukun, a barbaɗa barkono. Wanda yake son ƙamshin hayaƙi ya ɗora dafaffiyar a kan raga bisa garwashi na minti biyar yana juyawa har ta yi ɗigon baƙi nan da can, sannan ya shafa. Ni wannan na fi so, domin masararmu idan aka gasa ta ɗanya takan yi tauri, kayan shafin kuma ba sa kama ta da kyau. A zafin garinmu kada a bar haɗin mayonis da kindirmo a waje ya daɗe, a haɗa daidai wanda za a ci, sauran a mayar firji.

Esquites kuwa shi ne ya fi samun karɓuwa a wajen manya, musamman waɗanda haƙori ya fara ba su matsala. Ana tsayar da ɗanyar masara a faranti a yanko ƙwayoyin da wuƙa mai kaifi daga sama zuwa ƙasa, a narkar da man shanu babban cokali biyu, a soya yankakkiyar albasa da attaruhu ɗaya, a zuba ƙwayoyin a yi ta juyawa har su fara ja, sannan a zuba ruwa kofi biyu da gishiri da ɗan ruwan kanwa, a rufe su dahu na kimanin minti 20 ba tare da romon ya ƙone duka ba. Epazote ba shi da madadi na gaskiya, amma ganyen daddoya kaɗan da aka jefa a ƙarshe yana ba da ƙamshi mai ƙarfi da ya dace da masara, ko da yake ba shi ba ne. A zuba a kofi, a ɗora kindirmo da cuku da barkono, a matse lemon tsami da yawa. Da sanyin hunturu muna shan sa da daddare, kuma ya shiga cikin kayan buɗa-bakinmu da azumi.

Maƙwabta da suka ɗanɗana sukan tambaye ni dalilin da ya sa ban taho da irin cacahuazintle na shuka ba. Shigo da iri daga wata ƙasa yana bukatar izinin hukumar killace tsirrai, domin ta haka ne cututtuka suke tsallaka iyaka, kuma ko da an samu izinin, masarar da ta saba da sanyin tudu mai mita 2,600 ba za ta yi abin kirki a Zariya ba, inda tsayin ƙasa bai kai mita 700 ba kuma zafi ya ninka nasu. Abin da na yi a maimakon haka shi ne na ware ɗan fili a bayan gida domin farar masara daga cikin irin SAMMAZ da cibiyar Samaru ta fitar, ina shuka kunya biyu ko uku duk bayan mako biyu tun daga farkon damina, ta yadda daga watan Agusta har zuwa ɗaukewar ruwa kullum akwai goyon da yake daidai lokacin dafuwa, a karyo shi da la'asar a ɗora a wuta kafin magariba.